Ranar da Kurege Ya Gasa Yashi

To, ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, mu ji da me ta zo.

An yi wani Kurege, gwauro, a wata unguwa can bayan rafi. Ba shi da mata, ba shi da tukunya, amma yana da maƙogwaro, kuma maƙogwaron nan ba ya mantuwa. Shekara biyu baya, a wani gidan suna, an raba biskit na gishiri, irin wanda ake sa wa yaji da tafarnuwa, ka gutsura ya ce ƙaras. Kurege rabi ya samu. Rabin ma wanda ya faɗi ƙasa ne. Tun daga ranar ya yi wa cikinsa alkawari: wata rana sai ya gasa tukunya guda, ya rufe ƙofa, ya cinye shi kaɗai, ko tururuwa ba za ta ga ɓurɓushi ba.

Ana nan, ana nan, ya yi wa wani manomi aikin kwana bakwai, har wutsiyarsa ta rame. Aka sallame shi da mudun fulawa da curin man shanu. Gishiri da yaji da tafarnuwa yana da su. Saura kayan aiki, sai aro.

To, a unguwar nan akwai al'ada. In ka ari kayan girki, ba ka mayarwa haka nan, sai ka haɗa da ɗanɗanon abin da ka girka. In ɗanɗanon ya yi daɗi, mai kaya zai tako har gida ya yi maka sannu da aiki, ya nemi wuri ya zauna. Kowa kuwa ya san ba don hira ake wannan zaman ba.

Kurege ya fara da gidan Gwaggo Zabuwa.

"Gwaggo, a ara mini rariya."

"Ɗauki, ɗan nan. Ka dai san ba ta dawowa da yunwa."

"Haba Gwaggo, wa zai manta?"

Ya so ya roƙi ƙwai guda, ya dubi idonta, ya fasa.

Ya wuce gidan Baba Kunkuru.

"Baba, a ara mini kwalbar nan ta murza ƙulli."

Kunkuru ya ɗauki lokacinsa, kamar yadda ya saba. "Ɗauki, ɗan nan. Ka dai san ba ta dawowa da yunwa."

"Haba Baba, wa zai manta?"

Na uku gidan Iya Bushiya, wadda duk unguwar ba mai hannunta a gashi.

"Iya, a ara mini tukunyar gashi."

Bushiya ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne za ka yi gashin?"

"Gwadawa zan yi, Iya."

"Ɗauki, ɗan nan. Ka zuba yashi a ƙasa, ka ɗora faranti a kai, garwashi a gindi, garwashi a murfi. Ka dai san ba ta dawowa da yunwa."

"Haba Iya, wa zai manta?"

A hanya Kurege yana tafe yana ƙunƙuni. Baki uku. Zabuwa ba ta iya cin abu ba ta kira dangi ba. Kunkuru in ya zauna sai rana ta faɗi. Bushiya ƙarama ce a ido, amma cikinta rumbu ne. Kafin ya iso gida dabara ta zo masa, har ya yi tsalle ya taɓa wutsiya.

Ya tankaɗe fulawa. Ya murje man shanu a ciki da yatsu har ta yi wara-wara. Ya sa gishiri daidai, yaji daidai, tafarnuwa daidai, ya yayyafa ruwa ya kwaɓa. Daga nan ya gutsuri ɗan ƙulli kamar dunƙulen hannu ya ware gefe. Wannan ɗin ya danƙara masa gishiri cikin hannu, ya ƙara da jar kanwa, ya ce, "Naku ke nan, iyayena."

Ya murza da kwalba, ya yanka da bakin kofi, ya huhhuda da tsinke. Na baƙin cikin nan, masu kanwa, ya fara gasawa, ya sauke tun cikin bai nuna ba. Ya ƙunsa a ganye kashi uku.

Ya kai wa Zabuwa rariya da ƙunshinta. Ta tsattsaga ɗaya, ta yi shiru. Zabuwa fa, ta yi shiru.

Ya kai wa Kunkuru kwalba da ƙunshinsa. Ya gutsura, kansa ya koma cikin ƙoƙo, daga can ciki ya ce, "An gode."

Ya kai wa Bushiya nata, ya ce tukunya da zafi, sai ta huce zai kawo. Ta ɗanɗana, ƙayoyinta suka miƙe tsaye. Ta kurɓi ruwa. Ta sake kurɓa.

"Kai ka kwaɓa wannan da hannunka?"

"Iyakar iyawata ke nan, Iya," in ji Kurege, ya sunkuyar da kai kamar maraya.

Ya dawo gida yana dariya har da riƙe ciki. Ya jera na gaskiyar a faranti, guda arba'in, da ƙarin ɗaya a tsakiya da ya rasa wuri ya cusa shi ƙarƙashin 'yan'uwansa. Ya rufe, ya ɗora garwashi, ya zauna yana kaɗa ƙafa. Ƙamshi ya fara tashi. Gefe ya fara ja. Saura ƙiris a sauke.

"Salamu alaikum."

Kurege ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ya leƙa. Su ukun ne, har da tabarma.

"Mun kasa zama, ɗan nan," in ji Zabuwa. "Yaro a unguwarmu yana irin wannan ɓarnar, mu muna raye? Abin kunya namu ne. Mun zo mu koya maka."

"Gwaggo, da kun bari sai gobe."

"Goben wa ya gan ta? Shimfiɗa tabarma."

Suka zauna. Bushiya ta ɗaga hanci. "Me ke cikin tukunyata?"

Nan Kurege ya tsaya tsakanin abu biyu. In ya buɗe, baki uku za su hau kai, ga asiri ya tonu. In bai buɗe ba, wuta na aikinta. Ya ce a ransa, tsofaffi ne, yanzu za su gaji.

"Yashi ne, Iya. Ya jiƙe, ina busar miki da shi."

"Yashi," in ji Bushiya. "Allah sarki, yaro mai hankali."

"Ni kuwa ƙamshin tafarnuwa nake ji," in ji Zabuwa.

"Daga hayin rafi ne, Gwaggo. Iska ke kawowa."

Aka fara karatu. Zabuwa ta ɗauki babin tankaɗe, ta bi ta kan kakarta, da yadda kakarta ke riƙe rariya, da wanda ya saci rariyar. Kurege yana cewa "to, to," ido na kan tukunya.

Kunkuru ya ɗauki babin gishiri. Ya ce, "Gishiri..." ya tsaya. Aka jira. Ya ce, "...abu ne..." ya sake tsayawa. Ƙamshin nan da ke cewa zo ka ci ya fara cewa zo ka cece ni.

Bushiya ta miƙe ta taɓa murfi. "Ɗan nan, da wannan 'yar wutar yashi zai bushe? Miƙo mini maficin can."

"Iya, ya isa haka."

"Ni da tukunyata za ka gaya wa?"

Ta ƙara garwashi a gindi, ta ƙara a murfi, ta hau fifita. Kurege yana kallo, hawaye na zuba. Zabuwa ta ce, "Dubi yadda karatu ke shigarsa."

Hayaƙi ya turnuƙe gidan kafin Kunkuru ya kai ƙarshen maganarsa, wadda ita ce gishiri abu ne da ba a cikawa. Bushiya ta sa tsumma ta ɗaga murfi. Suka leƙa su uku.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yashina ya haihu."

Guda arba'in, baƙi ƙirin, ko gawayi ya fi su kyan gani. Ta sa tsinke tana tonawa, sai ga na tsakiyar nan da 'yan'uwansa suka rufe. Ja-ja-jur, ko tabo babu. Kurege ya miƙa hannu. Bushiya ta kaɗe hannun.

"Ɗalibi ba ya duba aikinsa da kansa."

Ta karya shi uku. Ya ce ƙaras. Suka sa a baki, suka tauna a hankali, ido a lumshe. Zabuwa ta tsince ɓurɓushin da ya zuba a tabarma.

Bushiya ta share baki. "Ka ga amfanin karatu? Zama ɗaya, har hannunka ya fara faɗawa. Amma da saura. Daga yau duk ranar da muka ga hayaƙi a gidanka, kada ka wahalar da kanka da aike. Da kanmu za mu zo." Ta naɗe tabarma. "Tukunyar kuma a kankare ta sosai kafin a kawo."

Don haka, ku da kuke ɓoye ƙuli a aljihu kuna tauna a hankali kada na kusa ya ji, ku sani: mai rowa shi ma yana ciyarwa, wuta yake ciyarwa, kuma wuta ba ta cewa an gode.

Ƙurunƙus, kan Kurege a cikin tukunya yana kankara.