Ranar da Teku ya ja da baya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko ta kai mu ina.

A wani gari na bakin teku, dabbobi duk a kan tudu suke kwana. Kakanninsu sun ce wani lokaci Teku kan miƙe tsaye, ya fi rimi tsawo, ya haɗiye gari. Kura kuwa hawan tudun nan da cikakken ciki ya ishe ta. Sai ta kafa bukka a kan yashi, ta ce: "Ranar kawai zan tambayo. Ana gobe zai zo, in kwashe kayana."

Sai ta je gaban Teku ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, yaushe za ka zo?"

Teku ya ce: "Wallahi ban sani ba. Ni goyo ne a bayan Ƙasa. In ta zabura, sai in tsinci kaina cikin gidajen mutane. Tambaye ta."

Sai Kura ta kafa baki a rami. "Inna, yaushe za ki zabura?"

Ƙasa ta yi hamma. "Ke ma dai! Wata ƙwarƙwata ce a zanena. Ran da ta cije ni, ranar ce. Tambaye ta."

Sai Kura ta yi ta tono har ta iske Ƙwarƙwata. "Ke 'yar firit, yaushe za ki yi cizo?"

"In na ji yunwa."

"Yaushe za ki ji yunwar?"

"Yaya Kura, ke taki sallama take miki?"

Kura ta fito daga ramin. Ta koma wa Teku tana huci.

Teku ya ce: "Rana kam babu mai ba ki. Amma ina da tarbiyya, ba na faɗa wa gida kai tsaye. Sai na ja da baya tukuna. In kin ga haka, ko takalmi kada ki tsaya ɗauka."

Aka kwana biyu. Wata rana da hantsi ana cin kasuwar kifi, sai ƙasa ta yi gir-gir. Sai Teku ya ja baya, ya ja, ya ja, ya bar kifaye suna tsalle a kan yashi. Dabbobi suka ranta a na kare, har Kunkuru.

Biri ya waiwayo. "Yaya Kura, ba ke kika kawo mana alamar ba?"

"Na sani! Ɗaya tak zan ɗauka."

Ta haɗiye ɗaya. Ta ce na biyu ya fi ƙiba. Ta ce na uku kallon raini yake mata. Tana ɗaga kai, sai ga ruwa tsaye ya tare rana.

Wayyo, ranar har ni Kura ta ba ni tausayi! Ta juya, ruwan ya make ta a gindi, ya yi sama da ita, ya wurgo ta nan cikin dajinmu, inda ko rafin kirki babu. Shi ya sa har yau ƙugunta a zube yake, tana jan ƙafafun baya.

To yara, abin da ba a san ranarsa ba, alamarsa ake tsaro. In kuma ta zo, gudu ake yi, ko da kifi ya kai akuya girma.

Ƙurunƙus! Kowa ya tashi, ta ƙare.