Ɗan Kokowar da Ya Ƙi Faɗuwa

An yi wani mutum a ƙasar Arewa, kusa da Matankari, zamanin mulkin Nasara. Ɗan kokowa ne, tun da ya fara shiga fili bayansa bai taɓa ƙasa ba.

Ya 'yan uwa, kuna zaton daɗi yake ji? Wallahi a'a. Duk wanda ya kayar, tsoro yake ƙara masa. In kaka ta yi ya ji ganga, sai gabansa ya yi ta faɗuwa, fura ma ta ƙi shiga. Ko a kan sallah tunaninsa ɗaya: in aka kayar da ni fa? Me makaɗa za su ce?

Tsoron nan ya rikiɗe ya zama zafin rai. Matarsa Kaltume ta ce, "Maigida, ka huta bana mana, duk ka rame." Ya wanke ta da mari.

Wata shekara kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya sa a yi kokowa a Dogon Dutsi. Aka haɗa shi da Habu, ɗan baffansa, wanda shi da kansa ya koya wa kamu. Habu ya matso ya ce, "Yaya, wasa ne. Kowa ya faɗi, gida ɗaya za mu koma."

 

Suka kama. Habu ya sa masa ƙafa, mutumin nan ya ji gwiwarsa ta nufi ƙasa, jama'a sun ɗauki ihu. Idonsa ya rufe. Ya cafki wuyan Habu ya murɗe, ya danne da duk nauyinsa. Ganga ta yi shiru. Habu bai ƙara motsi ba.

Aka ɗaure shi, aka kai shi kurkuku a Dosso. Da ya fito, baffansa ya aiko masa: "Na bar ka da Allah, amma kada ka tako gidana." Ya ƙare yana yawo kasuwa-kasuwa, yana tare mutane yana tambaya, "Ai ban faɗi ba, ko?"

Ya 'yan uwa, wa ya yi masa alkawarin ba zai faɗi ba? Dariyar mutane ya ji wa tsoro, ya manta da Wanda ya ba shi ƙarfin. Duk wanda ya ji zuciyarsa ta fara tafasa, ya saki hannu, ya nemi tsari.

Allah ya kiyaye mu da sharrin zuciyarmu, ya sa mu fi ƙarfin fushinmu. Amin.