Tarkon da Nasiru ya ɗana a fayil ɗin saiti

Akwai wani mai suna Nasiru da ke kula da kwamfutar wani ƙaramin gidan rediyo a Belbeji. Ya iya aiki, amma sai ya ga dama yake zuwa. Da direkta ya gaji, ya sallame shi ya ɗauko Mairama daga Tarka.

Abin ya ci Nasiru ƙwarai. "Wallahi sai ta yi kuka a kan kujerar nan," in ji shi.

A kwamfutar akwai manhajar da ke girka sauran manhajoji tana sabunta su. Tana da fayil ɗin saiti, abin da aka ajiye ciki shi take bi kullum. Kafin ya miƙa makulli, Nasiru ya ajiye mata cewa in ana sabuntawa ta share tsofaffin manhajoji, kada ta tambayi kowa.

Ya koma gida yana jiran labari. Shiru kake ji.

Ashe Mairama ba ta taɓa ba da umarni tsirara ba. Kowane lokaci sai ta ƙara da hannunta: a tambaye ta kafin a share komai. Abin da aka rubuta a layin umarni kuwa yana rinjayar na fayil, amma na lokacin nan kaɗai. Wata huɗu tarkon na kwance. Nasiru ya ɗauka ta gano ta cire.

Ana gobe rigakafin dabbobi, Mairama na Damagaram wurin horo, kwamfuta ta nemi sabuntawa. Direkta ya kira Nasiru.

"Gyara mana, sanarwar makiyaya ta fita kafin la'asar. In ta fita, mu yi maganar dawowarka."

Nasiru ya zauna yana hura hanci, ya buga umarni tsirara yadda ya saba. Kafin ka ce kwabo manhajar sauti ta tafi. Ya shiga sake sauko da ita, amma da intanet irin tamu, har magariba ba ta sauko ba. Sanarwa ba ta fita ba.

Da Mairama ta dawo ta buɗe fayil, ta nuna wa direkta layin da ranar da aka rubuta shi: ranar sallamar Nasiru.

"Ni ka haƙa wa rami, Malam Nasiru?" ta tambaye shi. "Ai da ka gina shi gajere."

Ni dai ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Daga Belbeji har Tanut babu wanda ya sake ba shi kwamfuta ya taɓa.

Darasi: Muguntar da ka ajiye ba ta san wanda ka nufa ba, wanda ya zo a gafale take kamawa, ko da kai ne. Ku tura wa duk mai riƙe da wani a zuciya.