Hayaƙin Injin Alhaji Dalhatu

Akwai wani mai injin casar shinkafa a gefen garin Kura, ana ce masa Alhaji Dalhatu. Injinsa ba ya hutawa, manoman rani daga ko'ina suke kawo masa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba.

Ɓuntun da injin yake fitarwa ya taru ya yi tsauni a bayan katanga. Maimakon a kwashe, sai Alhaji ya sa ake cinna masa wuta, a haɗa da tsofaffin tayoyi da ledoji da yagaggun buhuna.

Wutar ƙasa-ƙasa take ci, kwana da kwanaki. Hayaƙin ya kwanta a kan unguwa, mai ɗoyi. Mace ta shanya wanki, ta kwashe yana wari. Ka fyace majina, baƙa ƙirin. Ko tuwo ka kai baki, ƙaurin roba kake ji.

Gidan da ya fi kusa da wurin na Mudassiru ne, wani manomin albasa da ke zaune da mahaifiyarsa Iyatu, tsohuwa mai ciwon asma.

Wata rana Mudassiru ya tare Alhaji a ƙofar injin.

"Alhaji, don girman Allah a daina ƙona abin nan. Iya ba ta iya numfashi. A asibiti sun ce hayaƙi ne ke tayar mata da ciwon."

Alhaji ya sauke gilashin mota, ya yi kaki, ya tofar daf da ƙafarsa.

"Tsufa ke damunta. Filina ne, ɓuntuna ne. In wurin bai yi muku ba, ku tashi."

Mai unguwa ya yi magana, liman ma ya yi. Ko a jikinsa.

Ran wata Laraba da hantsi numfashin Iyatu ya sarƙe. Aka sa ta a adaidaita-sahu, ba a kai asibiti ba ta cika.

Ranar sadakar uku sai ga Alhaji ya zo gaisuwa, hanci da baki rufe da takunkumi. Hayaƙin na nan yana tashi a bayansa. Ya zauna a tabarma.

"Allah ya jiƙanta. Kwana ne ya ƙare."

Mudassiru ya ce, "Amin. Alhaji, wannan abin na fuskarka fa?"

"Likitana ne ya ce in guji hayaƙi, wai yana cin huhu."



Malam Ɗanbaba, dattijon da manoman yankin ke jin maganarsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ashe ka sani. Tir!"

Ya ɗauki takalmansa ya koma wata tabarmar. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka bi shi, aka bar Alhaji shi kaɗai, ko hannu ba wanda ya miƙa masa.

Ba a yi taro ba, ba a yi sanarwa ba. Da shinkafa ta nuna, manoma suka riƙa kai shansherarsu Bunkure da Garun Mallam, duk da nisan.

Sai a lokacin Alhaji ya sa aka kashe wutar. Ya riƙa tsayawa a bakin titi yana ɗaga wa motocin shinkafa hannu, ba wadda ke tsayawa.

Mudassiru da ke wucewa a babur ya rage gudu, ya ce, "Da ka kashe ta tun Iya na da rai."

Ya wuce abinsa.

Darasi: Iskar da muke shaƙa amana ce tsakaninmu. Wanda ya san abu yana cutar da huhunsa amma ya tura wa maƙwabcinsa, azzalumi ne, kuma ranar da mutane za su guje shi tana tafe. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ƙona taya da leda a cikin unguwa.