Bindigar da Aka Toshe wa Baki

Akwai wata mace manomiya da ta gaji tsohuwar bindigar soja daga mahaifinta. Ranar da aka yi wa tsohon baftisma, ya narka dalma ya toshe bakin bindigar da hannunsa, ya yi wa Ubangiji alkawari ba za ta ƙara zub da jini ba. Da zai mutu, sai ya damƙa wa 'yarsa ita.

Wata shekara damina ta yi gardama, rumbuna suka zama wayam. Sai ga ƙannenta biyu sun zo da wani maƙeri mai gyaran bindigogi, jakinsa ɗauke da buhun dawa.

Maƙerin ya ce, "Baiwar Allah, ba bindigar duka nake so ba. Kunamar kawai zan cire, ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa, in ba ki dawar nan. Sauran ki rataye abinki, ba mai ganewa."

Ta dubi buhun. Ta ce, "In ka cire, ina za ka sa ta?"

"A wata bindigar mana."

"Ita waccan bindigar, bakinta a toshe yake?"

Maƙerin ya tura buhun gabanta.

Babban ƙanen ya fusata, ya ce, "Haba Yaya! Baba ya mutu. Ƙarfe za mu ci?" Ya miƙa hannu zai fizge.

Ta shimfiɗa bindigar a ƙasa, ta zauna a kai, ta ce, "Sai dai ka fara ɗaga ni. Baba bai yi alkawari guntu-guntu ba, ni ma ba zan sayar da shi guntu-guntu ba. Kora jakinka, maƙeri."

Suka tafi da dawarsu. Ƙannen suka daina gaishe ta. Ta rayu da tafasa da rama, ta rame har zane ya ƙi zama a ƙugunta, amma ko ƙusa ɗaya ta bindigar ba ta bar gidan ba har kaka ta yi.

Ma'anar wannan misali ita ce, Shaiɗan bai cika cewa ka bar bangaskiyarka duka. Ɗan guntu yake roƙo: ƙarya ɗaya, cin hanci sau ɗaya, a ranar da kake cikin matsi. Yakan kuma biyo ta bakin na gida. Ka tambaye shi inda zai kai guntun nan. Abin da ka ba Ubangiji, ka ba shi ɗungum. Zauna a kai, ɗan'uwa, ko da yunwa, kada ka tashi.