Gashin Barsu a Kan Ƙaya

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To, ku matso kusa da wuta, ku bar wasa da toka.

An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin kogi, sunansa Jatau. Yana da jan kare mai suna Barsu. Tun Barsu yana ɗan kwikwiyo suke shiga daji tare. In an kashe nama, shi ake fara jefa wa hanta. In an dawo gida, sai ya kwanta a kan tsohuwar fatar akuya a bakin ƙofar Jatau, dab da akurkin kaji.

Ana nan, ana nan, Barsu ya tsufa, gudu ya gagare shi. Jatau ya samo sabon kare, ya ba shi fatar, ya ba shi hantar. Ya kai Barsu bayan rumbu, ya saro ƙaya ya yi shinge a tsakani, wai kada tsohon ya riƙa damun sabon.

Ba a daɗe ba gashin Barsu ya fara zuba. Ya fara daga kafaɗa, ya gangaro haƙarƙari, har fata ta fito fili. Sauran maharba suka sa Jatau a gaba. "Jatau, wane wanzami ne ya fara yi wa karenka aski ya gudu?"

Jatau ya ji kunya, ya ce sai ya gano dalili.

Ya bi ta bayan rumbu zai je wurin Akuya. Barsu ya ɗaga kai ya ce, "Maigida, ga ni."

Jatau ya ce, "Kwanta, ba da kai nake ba."

Akuya tana goga jikinta a bango ta ce, "Ƙuma ce da kaska. Ni ma su suka hana ni sakat. Shafa masa toka." Jatau ya shafa toka. Gashi bai daina zuba ba.

Ya sake bi ta bayan rumbu zai je wurin Kaza.

"Maigida, ga ni."

"Kwanta, ba da kai nake ba."

Kaza tana tonon ƙasa ta ce, "Yunwa ce. Wanda ya saba da hanta aka mayar da shi kan ƙanzo, ai dole jikinsa ya nuna." Jatau ya riƙa jefa masa ƙashi ta saman shinge. Gashi bai daina zuba ba.

Ya sake bi zai je wurin Jaki.

"Maigida, ga ni."

"Kwanta, ba da kai nake ba."

Jaki ya ce, "Tsufa ne, maigida. Dubi gadon bayana. Wannan ba shi da magani, sai haƙuri."

Ashe duk abin nan Dila yana laɓe yana ji. Ya daɗe yana kwaɗayin kajin Jatau, amma duk sanda ya leƙo sai ya tarar da idanu biyu a bakin akurki suna kallonsa. Sai ya tari Jatau a hanyar kogi, ya durƙusa.

"Allah ya ja zamanin sarkin baka. Na ji kana neman magani wurin dabbobin gida. Su me suka sani? Kirci ne ya kama karenka, mugun ciwon fata mai yaɗuwa. Yau tsohon, gobe sabon. In kana son sabon karenka, ka ƙetare da tsohon zuwa hayin kogi."

Jatau ya yarda da maganar Dila. Da safe ya sa Barsu a kwalekwale, ya kai shi hayi, ya sauke shi a gindin wata tsamiya. Da ya juya zai tafi, Barsu ya ce, "Maigida, ga ni."

Jatau bai waiwayo ba. Ya ce, "Kwanta."

Barsu ya kwanta.

Inna, me ya sa bai bi shi ba?

Saboda an ce masa ya kwanta, kuma bai taɓa ƙin maganar maigidansa ba. Ku saurara.

Tun daga ranar kaji suka fara ɓata. Yau ɗaya, gobe ɗaya, sabon kare kuwa yana ta minshari a kan fata. Jatau ya zagaya neman inda ɓarawo ke shigowa, har ya zo shingen ƙayar da ya yi da hannunsa. A ƙasan shingen ya ga wata 'yar kafa. Ya durƙusa. Kowace ƙaya a bakin kafar tana riƙe da jan gashi.

Kaza, wadda ita kaɗai ta rage, ta ce, "Ta nan Barsu yake kutsowa kullum in kun yi barci. Ya kwanta a ƙasa a bakin ƙofarka, kafin ka tashi ya koma. Shiga ƙaya, fita ƙaya."

Jatau ya ce, "Don me ba ki gaya mini ba?"

Kaza ta ce, "Ai na ɗauka ka sani, maigida. Ƙofarka ce."

Jatau bai tsaya neman kwalekwale ba, ya faɗa ruwa ya yi iyo. Ya isa gindin tsamiya. Barsu yana nan inda aka ce ya kwanta, bai gusa ba, kansa yana fuskantar gida.

Jatau ya durƙusa ya ce, "Barsu, ga ni."

Ya dafa shi, ya sake kiransa.

"Barsu, da kai nake. Ga ni."

Barsu bai ɗaga kai ba.

Jatau ya binne shi a nan. Ya koma gida ya cire shingen nan duka, ya tsince gashin ɗaya bayan ɗaya, ƙaya tana sukarsa bai ji ba. Dila kuwa ya yi ƙiba, ya ƙara gaba.

Yara, in kun ga wani naku ya rame ko ya canza, shi za ku fara tambaya. Jatau ya tambayi kowa, bai tambayi mai ciwon ba.

Ƙurunƙus, kan kusu ya shige rami. Ku tashi, wuta ta mutu.