Ranar da Bushiya Ta Tsaya wa Kanta

Ku matso, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Inna!

An yi wata tsohuwar Bushiya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, sai ita kaɗai a ramin da ya haƙa musu. Wata rana da damina Gafiya ta zo jiƙe sharkaf, ta ce, "Baba, ba ni aron zaure ruwa ya wuce." Ta ba ta. Kafin ruwa ya ɗauke, 'yar banza ta cika zauren da dangi, suka tura Bushiya waje suka ce gidan kakansu ne.

Magana ta kai gaban Alƙali Kunkuru. To al'adar kotunsa, ba a kiran shaida sai wani naka ya miƙe ya buɗe maka magana. In babu, ka buɗe da bakinka, in ka kasa ƙararka ta faɗi. Ita kuwa Bushiya, ido biyu suka kalle ta sai ta dunƙule.

Ta je wurin Beguwa. "Yaya, ki tsaya mini."

"Ayya, ni ba na shiga shari'a."

Ta je wurin Zomo maƙwabcinta. "Ɗana, ka tsaya mini."

"Ayya Baba, ni ba na shiga shari'a."

Ta je wurin Kurciya, wadda ta sha cin tsabarta. Tun daga nesa Kurciya ta tashi fir, ko gaisuwa babu. Bushiya ta zauna gindin wani kututture tana gwada masa maganarta, tana yi tana kuka, don babu mai ce mata nan kin gyara, nan kin ɓata.

Ranar shari'a ɓangaren Gafiya ya cika maƙil, ɓangaren Bushiya sai ƙura. Burgu, kawun Gafiya, ya miƙe ya gyara murya. Kai, ya zuba! Ya ce kakansu ya haƙa ramin, a ƙuryarsa aka haifi Gafiya, a nan take kwana kullum.

Alƙali ya ce, "Wa zai buɗe wa Bushiya?" Ba wanda ya miƙe. Ido ya yi mata caa, ta dunƙule.

"Bushiya, buɗe maganarki." Ta ƙara dunƙulewa.

"Bushiya, buɗe maganarki." Gafiyoyi suka fashe da dariya.

"Bushiya, wannan ne na ƙarshe."

Sai ta fito da ɗan hancinta. "Allah gafarta Malam, ni ce Bushiya, ba ni da kowa. Zaure na ara mata, ta kore ni. Gidana nake roƙo. Shaiduna suna ƙurya. Duk ƙayar da mijina da 'ya'yana suka zubar tana nan, ban taɓa sharewa ba, ita ce ta rage mini. Tunda can take kwana, ta je ta kwanta a gani."

Gafiya ta ga ido a kanta, ba damar ja da baya. Aka raka ta, ta shige ƙurya ta kwanta. Wayyo! Sai ga ta ta fito a guje tana ihu, baya duk ƙaya, dangi suka rufa mata baya, har yau ba su waiwayo ba.

Alƙali ya ce a kawo shaidar ya gani da idonsa. Dogarai suka shiga da tsintsiya suka tattaro ta kaf, ya duba, ya ce gida na Bushiya ne. Kafin ta kutsa cikin taro ta ce a ba ta ƙayoyinta, wani dogari ya watsa su a rafi.

Beguwa da Zomo suka taho suna "Barka, barka!" Bushiya ta wuce su. Ta shiga ƙurya ta tarar an share ta tas. Ta shinshina lungu-lungu, ko ƙaya ɗaya ba ta samu ba. Ta dunƙule a tsakar ɗakin, ba mai kallonta.

To kun ji. In naku ya ce ku tsaya masa, ku tsaya tun ana neman mai tsayawa. Barkar bayan shari'a kowa ya iya ta.

Ƙurunƙus kan gafiya! Kowa ya ɗauki tabarmarsa.